Yadda Sifaniyawa suka ci daular Inka, da tabon da har yau bai goge ba

A ranar 21 ga watan Mayun 1950 girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kusko da ke cikin tsaunukan Andes na ƙasar Peru. Cikin gine-ginen da suka ji jiki har da cocin Santo Domingo, wanda Sifaniyawa suka gina tun zamanin mulkin mallaka. Da ƙura ta lafa aka zo duba ɓarna, sai aka tarar ginin Turawan ya tsattsage, wani ɓangarensa ya zube, amma katangar da ke ƙarƙashinsa ko gezau. Duwatsu ne sassaƙaƙƙu, an jera su ba siminti ba laka, sun haɗe da juna har bakin wuƙa ba ya samun wurin shiga tsakaninsu. Wannan katanga ita ce ragowar Korikanca, babban ɗakin bautar rana na mutanen Inka, wanda aka ɗora cocin a kansa.

Ginin nan ya ba da labarin a taƙaice. Sifaniyawa sun tarar da daula mai tsari, suka sare kanta, suka hau gangar jikin suka ci gaba da juya ta. Hanyoyinta, hakimanta, ƙidayar jama'arta, har da al'adarta ta tara mutane su yi wa sarki aiki, duk sun gaje su. Abu ɗaya suka cire, wato haƙƙin da talaka yake da shi a kan mai mulki. Ni dai a nan nake ganin tushen ciwon da Peru da Bolibiya suke jinya har yau.

Su mutanen ba sa kiran ƙasarsu Inka. Inka sarauta ce, sunan ƙasar kuwa Tawantinsuyu, ma'ana yankuna huɗu a haɗe, Kusko ce cibiya. Daula ce sabuwa a lokacin da Turawa suka iso. Sai a wajajen 1438 sarki Pacakuti ya fara fitar da ita daga kwarin Kusko, kuma kafin a cika shekara ɗari ta miƙe tun daga kudancin Kolombiya ta yau, ta ratsa Ikwado da Peru da Bolibiya, ta taɓo arewacin Ajantina da tsakiyar Chile, tsawon kusan kilomita 4,000. Ana ƙiyasta jama'arta da miliyan 10 ko kusa da haka. Ba su da doki, ba su da baƙin ƙarfe, ba su da amalanke, ba su da rubutu irin na alƙalami da tawada. Duk da haka sun shimfiɗa hanyoyi na sama da kilomita 30,000 a cikin duwatsu, da gadojin igiyar ciyawa a kan kwazazzabai masu zurfi. Masu kai saƙo, caski, da gudu suke aiki, wannan ya miƙa wa wancan zango-zango, a yini ɗaya saƙo ya ci kilomita sama da 200. Lissafin gwamnati da zare ake yinsa. Kipu suke ce masa, igiya ce da aka rataya wa zarurruka kala-kala, kowane ƙulli da inda ya zauna yana nuna adadi.

Harajinsu ƙarfin jiki ne. Kowane gida yana bayar da mutum na wani lokaci ya yi noma a gonar sarki ko ta ɗakin bauta, ko gyaran hanya, ko saƙa, ko yaƙi. Sunan wannan tsari mit'a, wato juyi ya zo kanka. Shi kuma mai mulki dole ya ciyar da mai aikin, ya shayar da shi giyar masara, ya tufatar da shi. A gefen hanyoyi akwai dubban rumbuna shaƙe da masara da busasshen dankali da tufafi, in shekara ta zo da fari ko ƙanƙara ta cinye amfani, a buɗe su. Kamar aikin gayya ne da hukuma ta mayar doka.

Kada dai a ɗauka aljannar duniya ce. Da yaƙi aka haɗa daular. Ƙabilar da ta yi taurin kai kwashe ta ake yi ɗungurungum a kai ta wani yanki mai nisa, a kawo wasu su zauna a ƙasarta. Ana kuma sadaukar da yara a ƙololuwar tsaunuka. Mutanen Kanyari na Ikwado, da Wanka na tsakiyar Peru, da Cacapoya na gefen daji, duk biyayya suke yi da ƙullin Kusko a zuciya.

Kafin Bature ko ɗaya ya hau tsaunukan, cutarsa ta riga shi isa. A wajajen 1527 wata annoba, wadda akasarin masana tarihi ke ganin agana ce da ta gangaro daga yankunan da Turawa suka riga suka sauka, ta kashe sarki Wayna Kapak a arewacin daular, ta kuma ɗauke ɗan da ake sa ran zai gaje shi. Sai 'yan ubanci ya tashi tsakanin 'ya'yansa biyu, Waskar a Kusko, da Atawalpa a Kito, wanda gogaggun mayaƙan ubansu ke hannunsa. An yi yaƙin basasa mai muni. A 1532 sarakunan yaƙin Atawalpa, Kiskis da Calkucimak, suka kama Waskar, aka kashe matansa da 'ya'yansa a kan idonsa, aka ƙona gawar kakansu Tupak Yupanki saboda zuriyarsa ta mara wa Waskar baya. Atawalpa yana kan hanyar zuwa karɓar Kusko, ya yada zango a maɓuɓɓugar ruwan zafi kusa da garin Kahamarka, sai aka kawo masa labarin wasu baƙi masu gemu da suka hauro daga bakin teku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jagoran baƙin, Francisco Pizarro, ɗan garin Trujillo ne a Sifaniya, bai iya karatu ko rubutu ba, ya haura shekara 50, ya kuma shafe kusan shekara 30 yana neman arziki da takobi a nahiyar Amurka. Sau biyu ya taso daga Panama ya nufi kudu, a 1524 da 1526, ya sha yunwa da cuta. A 1529 ya samo takardar izini daga fadar Sifaniya ta ya ci ƙasar ya zama gwamnanta. Mutanensa ba sojan gwamnati ba ne. Haɗin gwiwa ne irin na fatauci, kowa ya zo da dokinsa da makaminsa, wani ma da bashi ya saya, a kan za a raba ganima gwargwadon abin da mutum ya zuba. Su 168 ne suka isa Kahamarka ranar 15 ga Nuwamban 1532, mahaya 62, 'yan ƙasa 106. A gefen tsauni kuwa ga tantunan rundunar Atawalpa, wadda su Sifaniyawan suka ƙiyasta da dubun dubata, har ana cewa 80,000.

Me ya sa sarkin ya bar su suka hauro ta matsattsun hanyoyin da mutum ɗari za su iya tare dubu? Raini ne, kuma rainin yana da hujja. Mutumin da ya gama cin yaƙin da aka gwabza da dubban mayaƙa ba zai tsorata da baƙi ƙasa da ɗari biyu ba. So yake ya gan su da dabbobinsu. Da Hernando de Soto, ɗaya daga cikin manyan mutanen Pizarro, ya je gaishe shi a yammacin ranar, ya sukwano doki ya ja linzami daf da fuskarsa, har hucin dokin ya kaɗa jar tuntun sarautar da ke goshinsa. Atawalpa bai ko ƙifta ido ba. A daren Sifaniyawa ba su runtsa ba. Ɗaya daga cikinsu, Pedro Pizarro, ya rubuta daga baya cewa da suna laɓe suna jira ya ga da yawa cikinsu sun yi fitsari a wando don tsoro ba su ma sani ba.

Dabarar da suka shirya ba sabuwa ba ce. Hernan Cortes ya gwada ta a Meziko shekara goma sha uku kafin nan, da ya damƙe sarkin Aztek a fadarsa. Washegari, 16 ga wata, Pizarro ya ɓoye dawakai da mutane a cikin dogayen zaurukan da suka kewaye dandalin garin. Da la'asar sakaliya Atawalpa ya shigo bisa karaga a kafaɗun manyan fadawa, da 'yan rakiya dubu biyar ko shida, yawanci ba makamin kirki, wasu na share hanya, wasu na waƙa. Mutum biyu ne suka fito tarbarsa, wani limamin coci mai suna Vicente de Valverde da wani saurayi ɗan ƙasa da aka mayar tafinta. Limamin ya nemi sarkin ya karɓi addinin Kirista ya miƙa wuya ga sarkin Sifaniya, ya miƙa masa littafi. Atawalpa ya jujjuya shi ya yar a ƙasa. Nan take aka harba igwa, dawakai sanye da ƙararrawa suka fito a guje.

Abin da ya biyo baya bai cancanci sunan yaƙi ba. Mutanen da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba suka rikice, suka tattake juna, har suka ture katangar dandalin da ƙirjinsu. Masu ɗauke da karagar kuwa ba su gudu ba. In an sare wani wani ya maye gurbinsa, waɗanda aka datse wa hannu suka tallafe ta da kafaɗa. Kafin duhu ya shiga, su kansu marubutan Sifaniyawa sun ce an kashe mutum 2,000, wasu ruwayoyin sun kai adadin 7,000. Babu Basifaniye ko ɗaya da ya mutu. Pizarro ne ma ya samu rauni a hannu, lokacin da ya kare sarkin daga saran wani mutuminsa, don da rai yake son sa.

Takobin ƙarfe da sulke da kwalkwali da doki sun fi ƙarfin kulki da majajjawa da rigar auduga, wannan ba gardama. Amma abin da ya daskarar da rundunar nan ta gefen tsauni shi ne yadda aka gina mulkin. Sarki ɗan rana ne, daga bakinsa umarni ke fita. Da aka kama shi ya ci gaba da ba da umarni daga inda yake tsare, jama'a suka ci gaba da bi. Pizarro ya samu linzamin daula sukutum a cikin ɗaki ɗaya.

Atawalpa ya lura idon baƙin na kan zinariya, sai ya yi tayin fansa. Zai cika ɗakin da yake ciki, mai tsawon kusan mita 7 da faɗin mita 5, da zinariya har inda hannunsa ya kai in ya miƙa shi sama, ya kuma ba da ninki biyu na azurfa. Wata da watanni ayarin lama, dabbar nan dangin raƙumi marar tozo, suna sauke kaya a Kahamarka. Daga bangon Korikanca kaɗai an ɓamɓaro faifan zinariya 700. Tuluna, kofuna, siffofin tsuntsaye da na zangarniyar masara, aikin maƙera na shekaru aru-aru, kusan duk aka zuba a wuta aka narke. An samu zinariya kimanin tan 6 da azurfa kimanin tan 12. Aka fitar wa sarkin Sifaniya humusinsa, kowane mahayi ya tashi da zinariya wajen kilo 40 da azurfa wajen kilo 80, ɗan ƙasa kuma rabin haka.

Shi kuwa Atawalpa har lokacin hankalinsa na kan ɗan'uwansa. Daga inda yake tsare ya aika aka kashe Waskar don kada baƙin su naɗa shi. A zatonsa 'yan fashi ne, in sun cika jaka za su tafi. Ranar 26 ga Yulin 1533, bisa jita-jitar wai ya kira runduna ta zo ceto, aka yanke masa hukuncin ƙonewa. A wurin Inkawa ƙona gawa ya fi mutuwar kanta muni, domin busar da gawar sarki ake yi, a bar mata fadarta da gonakinta da barorinta, a fito da ita ranar biki. Ya amince a yi masa baftisma don kada a ƙona shi da rai, aka shaƙe shi da igiya. Waɗanda aka tura binciken rundunar sun dawo suka ce ba su ga kowa ba. Sarkin Sifaniya, Charles na Biyar, ya rubuto yana nuna rashin jin daɗinsa da kashe mai sarauta, amma humusin ya riga ya shiga baitulmalinsa.

A nan ne labarin "mutum 168 sun ci miliyan 10" yake yaudarar mai sauraro. Da Pizarro ya doshi Kusko, wadda ya shiga a Nuwamban 1533, dubban Kanyari da Wanka da Cacapoya ne ke ɗaukar masa kaya, suna ciyar da shi, suna yi masa leƙen asiri, suna yaƙi a gefensa. Magoya bayan Waskar ma kallon mai ceto suka yi masa. A wajajen 1560 sarakunan Wanka sun je gaban kotun Sifaniyawa a Lima ɗauke da kipu, suka karanto adadin mutane da lama da masara da tufafin da suka bayar tun zuwan Pizarro, suna neman sakamako. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, don jikokinsu ma ba su tsira daga haraji da aikin tilas ba.

Inkawa kuma ba su miƙa wuya a yini ɗaya ba, shekara 40 aka yi ana fafatawa. Sifaniyawa sun naɗa wani saurayi ɗan Wayna Kapak, Manko Inka, a matsayin sarkin jeka-na-yi-ka. Ƙannen Pizarro suka sa masa mari, suka ci masa mutunci, ɗayansu ya ƙwace masa mata. A 1536 ya sulale da sunan zai ɗauko musu wani gunkin zinariya, ya dawo da runduna mai yawan gaske ya yi wa Kusko ƙawanya. Da majajjawa suka riƙa jefa duwatsun da aka gasa a wuta kan jinkayen birnin har ya kama ci. Sifaniyawa ƙasa da 200 ne a ciki, da ba don 'yan ƙasar da ke tare da su ba da sun ƙare. Juan Pizarro, ƙanin Francisco, dutse ne ya fasa masa kai a ganuwar Saksaywaman. Bayan kusan wata goma Manko ya janye zuwa dajin Bilkabamba ya kafa ƙaramar daula. A 1544 wasu Sifaniyawa 'yan gudun hijira da ya ba mafaka suka daɓa masa wuƙa. Ɗansa na ƙarshe a kan gado, Tupak Amaru, an fille masa kai a dandalin Kusko a 1572 a gaban dubban jama'a masu kuka.

Su ma maciya ganimar ba su ƙare lafiya ba. 'Yan gidan Pizarro sun kashe abokin cinikinsu Diego de Almagro a 1538 kan wa zai riƙe Kusko, mutanen Almagro suka kutsa gidan Francisco Pizarro a Lima suka kashe shi a 1541, ƙaninsa Gonzalo ya yi wa sarki tawaye aka sare kansa a 1548.

Mutumin da ya ba da umarnin kashe Tupak Amaru, wakilin sarki Francisco de Toledo, shi ne a ganina ya ci Inka cin gaske. Ya riƙe Peru daga 1569 zuwa 1581, ya shafe shekara biyar yana rangadi da magatakarda, yana ƙirga kawuna. Ya tattara sama da mutum miliyan ɗaya daga ƙauyukansu ya cusa su a sababbin garuruwa masu coci da dandali a tsakiya, don a ji daɗin karɓar haraji da wa'azi. Wannan kaɗai ya karya tattalin arzikin tsauni, domin da can dangi ɗaya kan mallaki makiyaya a can sama, gonar dankali a tsakiya, ta masara a kwari, ta koka, wani ganye da ake taunawa, a gefen daji, in wannan ta ƙi waccan ta yi. Cunkoson kuma ya sauƙaƙa wa annoba aiki.

Duk wannan shiri saboda dutse ɗaya ne. A 1545 aka gano azurfa a wani jan tsauni a Potosi, cikin Bolibiya ta yau, wuri mai tsananin sanyi da ke sama da mita 4,000 daga doron teku. Da farko azurfar a saman ƙasa take, 'yan ƙasa na narka ta a ƙananan murahu da iskar tsauni ke hurawa. Da mai kyan ta ƙare, Toledo ya kawo dabarar niƙa dutsen a cuɗa shi da zaiba, wadda ake haƙowa a Wankabelika ta Peru. Dabarar tana cin mutane da yawa, sai ya waiwayi tsohuwar mit'a. Daga 1573 aka wajabta wa larduna 16 su riƙa tura kashi ɗaya cikin bakwai na mazajensu 'yan shekara 18 zuwa 50 kowace shekara, wajen mutum 13,500. Sunan na Inka ne, hakiman da ke tara mutanen ma na gargajiya ne. Rumbun da ake buɗewa ranar yunwa kuwa babu shi.

A dubi yadda abin yake a kan mutum ɗaya. Daga gaɓar tafkin Titikaka magidanci zai taso da matarsa da 'ya'yansa da lamarsa da guzurinsa, tafiyar makonni a ƙafa. Ranar Litinin ya shiga rami, sau da yawa sai Asabar zai ga rana. A ƙasa zafi da ƙura, yana sara da kyandir, yana tauna ganyen koka don kashe yunwa. Ya cika buhu ya goya, ya hau tsanin igiyar fata hawa bayan hawa, na gaba ya ɗaura kyandir a babban yatsa yana haska wa na baya. Ya fito jiƙe da gumi iskar ƙanƙara ta buge shi. Ladan da ake ba shi bai isa ciyar da iyalinsa a garin da komai ke da tsada ba, in bai cika adadin buhunan da aka yanka masa ba kuma a zaftare. Na Wankabelika sun fi shan wuya, zaiba ke shiga jikinsu, haƙora su zube, gaɓoɓi su kama rawa. Hakimin da ya kasa kawo adadin mutanensa shi zai biya da kuɗi ko ya sha bulala. Don haka mutane suka riƙa gudu daga garuruwansu, suna barin gonakin gado don su fita daga rajista, nauyin ya ƙaru a kan waɗanda suka rage. Filayen da aka bari Turawa suka mayar gandayensu.

A farkon ƙarni na 17 Potosi ta tara mutum kusan 160,000, tana gogayya da manyan biranen Turai. Har yau in Basifaniye zai ce abu na da daraja ƙwarai sai ya ce ya kai Potosi. Azurfar ta bi jiragen ruwa zuwa birnin Sebil na Sifaniya, ta biya yaƙe-yaƙen Sifaniya a Holan da Italiya da Jamus, ta wuce hannun masu ba da bashi na birnin Jenowa a Italiya, wani kaso mai tsoka ya ƙare a Sin, inda ake sayen alharini da tangaran da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita Sifaniyar ma ba ta riƙe ba, gwamnatinta ta kasa biyan bashi a 1557 da 1575 da 1596.

Annoba kuwa ba ta tsaya ba. Agana da ƙyanda da mura sun yi ta dawowa, mafi muni a tsakanin 1585 da 1591. Masanin tarihi Noble David Cook ya ƙiyasta cewa 'yan asalin yankin da ke Peru a yau sun kai miliyan 9 a 1520, amma zuwa 1620 saura kimanin 600,000. A bakin teku, inda mutane suka kusa ƙarewa, aka kawo bayi daga Afirka su yi noman rake da inabi, jikokinsu na nan a Peru. Aka ƙwace gawarwakin sarakuna, aka farfasa wuraren bauta, taron limaman coci a Lima a 1583 ya ba da umarnin lalata kipun da ke da alaƙa da tsohon addini. Kimanin dubu ɗaya suka rage a duniya. An gane lissafin cikinsu, amma waɗanda ake zaton labari suke ɗauke da shi babu mai iya karantawa. Wani ɗan ƙasa, Guaman Poma, ya rubuta wa sarkin Sifaniya wasiƙar koke mai shafi kusan 1,200 da zane kusan 400, ya kammala a 1615. Sai a 1908 aka tsince ta a ɗakin karatu na masarautar Denmak a Kopenhagen.

A Nuwamban 1780 wani hakimi mai fataucin alfadarai, José Gabriel Condorcanqui, ya ɗauki sunan Tupak Amaru na Biyu, ya kama jami'in lardinsa ya rataye shi, ya shelanta ƙarshen mit'a. Matarsa Micaela Bastidas ce ke riƙe da guzuri da tsarin runduna. An kama su, ranar 18 ga Mayun 1781 aka kashe ta da ɗansu a kan idonsa a dandalin Kusko, aka ɗaure gaɓoɓinsa ga dawakai huɗu, da suka kasa yaga shi aka sare kansa. Tawayen ya ci rayuka wajen 100,000. Daga nan hukuma ta haramta tufafin sarautar Inka da hotunan sarakunansu, ta kuma nemi a tilasta yaren Sifaniyanci a kan Kecuwa, yaren Inkawa. Tsoron wannan tawaye ya zauna a zukatan Turawa haifaffun ƙasar, shi ya sa da suka ƙwaci 'yanci, Peru a 1821 da Bolibiya a 1825, 'yancinsu ne su kaɗai. An soke mit'a a 1812, amma harajin da ɗan asalin ƙasa kaɗai ke biya ya kai har 1854 a Peru. Manoma suka ci gaba da yi wa masu gandu bauta kyauta, har da aikin gida. Bolibiya sai bayan juyin juya halin 1952 ta ba kowa ƙuri'a ta raba filaye a 1953. Peru sai 1969 Janar Juan Velasco ya karya gandayen, kuma wanda bai iya karatu ba, wato akasarin manoman tsauni, sai a zaɓen 1980 aka daina hana shi jefa ƙuri'a.

Wani zai ce ai shekara ɗari biyar ta isa a manta. Masaniyar tattalin arziki Melissa Dell ta bi tsohuwar iyakar mit'a a kudancin Peru, ta kwatanta gundumomin da ke ciki da maƙwabtansu na waje. A binciken da ta wallafa a 2010 ta gano abin da gida ke kashewa a cikin iyakar ya gaza na waje da kusan kashi 25 cikin ɗari, yaransu sun fi tsumburewa, hanyoyinsu sun fi lalacewa. Layin da Toledo ya ja a 1573 ana ganinsa a tsayin yaro a yau. Hukumar binciken gaskiya ta Peru kuma ta ƙiyasta a 2003 cewa rikicin 'yan tawayen Sendero Luminoso da sojoji, daga 1980 zuwa 2000, ya ci mutum 69,280, kuma uku cikin kowane huɗu Kecuwa ko wani yaren gida ne harshen uwarsu. Abin da ya fi taɓa ni a wannan rahoto shi ne yadda aka rasa dubbai irin haka ba tare da mazauna Lima sun ji a jikinsu ba. Da zanga-zanga ta ɓarke bayan tsige shugaban Peru Pedro Castillo a Disamban 2022, a Ayakuco da Huliyaka, garuruwan tsauni, aka fi zubar da jini.

Mutanen dai suna nan. Tsakanin miliyan 8 zuwa 10 na magana da Kecuwa, Bolibiya ta rantsar da Evo Morales, ɗan ƙabilar Aymara, a matsayin shugaban ƙasa a 2006, bikin rana na Inti Raymi da aka hana an farfaɗo da shi a Kusko tun 1944. Mu ma nan muna cin gumin manomansu ba mu sani ba. Abin da muke kira dankalin Turawa, wanda ake lodinsa daga Filato, Turawa dako kawai suka yi. A tsaunukan Peru da Bolibiya aka fara nomansa shekaru dubbai da suka wuce, kuma har yanzu suna da iri dubbai.

Shi kuwa jan tsaunin Potosi an rarake cikinsa har ƙololuwarsa ta fara burmawa, a 2014 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Lardin na cikin mafiya talauci a Bolibiya. Dubban mahaƙa, yawancinsu masu jin Kecuwa, har da 'yan samari, suna shiga ramukan kullum neman kuza da tutiya da ragowar azurfa, ƙurar dutse na cinye musu huhu tun suna da sauran ƙarfi. A cikin kowane rami akwai gunkin yumɓu mai ƙaho da suke kira El Tio, wato kawu, mai mallakar ƙarƙashin ƙasa. Kafin su fara sara sukan ajiye masa ganyen koka, su kunna masa taba a baki, sannan su gyara fitilar goshi su nutsa ciki.